The Boat Inn na Stoke Bruerne: yadda iyali ɗaya suka riƙe gidan bakin kanal tun 1877

"Assalamu alaikum. Ina karatu a Northampton, kwanakin baya abokan karatu suka kai mu wani ƙauye mai suna Stoke Bruerne. A bakin ruwa akwai wani tsohon ginin dutse mai rufin ciyawa, The Boat Inn, aka ce mana iyali ɗaya ne ke tafiyar da shi tun 1877. Ni dai a sanina mashaya ce kawai. Me ya kai mashaya bakin ruwa a ƙauyen da yawan mutanensa bai taka kara ya karya ba? Ta yaya sana'a ke daɗewa haka a hannun zuri'a ɗaya? Kuma idan mutum yana son ya tabbatar da irin wannan tarihi, ina zai duba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya sa gidan yake daidai inda yake, me ya riƙe shi a hannun mutane ɗaya shekara da shekaru, sannan ina ake samun hujja. Abin da aka gaya maka haka yake, iyalin Woodward ne ke tafiyar da gidan tun 1877. Ya rayu ne saboda yana zaune a inda dole jirgi ya tsaya, kuma duk lokacin da masu tsayawar suka canza, masu gidan sun canza abin da suke miƙa musu. Giya tana cikin cinikin tun farko, babu musu, amma da ita kaɗai ce da tuni an rufe ƙofar.

Me ya sa a nan?

Ruwan da ka gani haƙa shi aka yi da diga da shebur da baro, shi ne ake kira kanal. Majalisar dokokin Birtaniya ta amince da aikin a 1793, sunansa na farko Grand Junction, babban injiniyansa kuwa William Jessop. Ya taso daga Braunston ya faɗa kogin Thames a Brentford kusa da Landan, tafiyar kusan kilomita 150. Manufar ita ce a riƙa kai kwal, ƙarfe, bulo da tangaran daga tsakiyar Ingila zuwa Landan, a dawo da hatsi, sukari da katako. Dokin da zai sha wahala da tan ɗaya ko biyu a amalanke bisa hanyar taɓo, shi ɗin ne zai ja tan 25 zuwa 30 a kan ruwa yana tafe a hankali a turbar da aka share masa a gefe. Jiragen kuma sirara ne, tsawonsu kusan mita 21, faɗinsu mita 2 da 'yan kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyu suka haɗu a Stoke Bruerne da ke tilasta wa jirgi tsayawa. Na farko matakan ruwa guda bakwai ne a jere, masu ɗaga jirgi kusan mita 17. Kowane mataki ɗaki ne na bulo mai ƙofofin katako gaba da baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, a murɗa makullin ƙarfe a buɗe 'yan tagogin da ke ƙasa, ruwan sama ya kwararo har ya daidaita, sannan a jingina da doguwar sandar ƙofar gaba a tura ta. Muddin ruwan ɓangarorin biyu bai daidaita ba, ko ƙarti goma ba za su motsa ƙofar ba. Kowane cikawa yana cin ruwa kusan lita 250,000 da minti goma zuwa sha biyar, in babu layi ke nan. The Boat yana bakin mataki na ƙarshe a sama, wato daidai inda mai hawa ya gama gumi.

Na biyu tudun Blisworth ne, wanda bai kai kilomita ɗaya daga ƙofar gidan ba. Yunƙurin farko na huda shi ya ci tura saboda ruwa da rairayi, aka yi watsi da shi. Daga 1800 zuwa 1805 sai dai a sauke kaya daga jirgi, a ɗora a kekunan dogo da dawakai ke ja su tsallake tudun, a sake lodawa a wani jirgin. Shekaru biyar ɗin nan sun cika yankin da leburori, 'yan dako da masu dawakai. A 1805 aka buɗe ramin ƙarƙashin tudun, tsawonsa mita 2,813, kuma har yau yana cikin mafi tsawo da jirgi ke ratsawa a ƙasar.

Ga inda ciniki ya samo asali: ramin ba shi da turbar doki. Sai a kwance dokin, yaro ya bi da shi ta kan tudu, jirgi kuma mutane su tura shi da ƙafa. Ana shimfiɗa katako biyu a goshin jirgin, ɗaya dama ɗaya hagu, mutum biyu su kwanta a kai, su riƙa taka bangon ramin suna harɗe ƙafa, cikin duhu, ruwa na ɗiga musu daga sama. Akwai waɗanda wannan ce sana'arsu, suna zaune a bakin rami suna jiran haya. Da ƙorafi ya yi yawa cewa wasu na tilasta wa matuƙa ɗaukarsu, a 1827 kamfanin kanal ɗin ya yi musu rajista ya ba kowa awarwaron tagulla na shaida a damtse. Mai jiran aiki yana neman wurin fakewa daga sanyi, wanda ya fito daga rami a jiƙe yana neman wuta da abinci, doki yana neman barga, mai jirgi yana jiran layi. Duk sun taru a fili ɗaya da bai wuce 'yan takawa ba.

Abin da irin wannan gida yake yi a zahiri

Idan ka san yadda zangon fatake yake a da, inda fatoma ke ba ayari masauki, ya ajiye musu kaya, ya riƙe musu saƙo, ya san wanda ya cancanci bashi da wanda bai cancanta ba, to ka kusa gane aikin mai gidan bakin kanal. Yawancin irin waɗannan gidaje suna da barga a baya, suna sayar da busasshiyar ciyawa da hatsin doki, wasu suna haɗawa da kantin burodi, naman gishiri, kyandir da igiya. Da yawa daga masu gidajen suna da wata sana'ar, noma ko ƙira ko dillancin kwal, mashayar kuma matar gida ce ke tsaye a kanta da rana.

Buƙatar nan ta ƙaru bayan zuwan jirgin ƙasa. A 1838 aka buɗe layin dogo na Landan zuwa Birmingham, ya bi ta Roade da Blisworth, maƙwabtan Stoke Bruerne. Kuɗin dakon ruwa ya faɗi, matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida a tudu da albashin yaran aiki, sai suka kwaso mata da 'ya'ya suka koma cikin jirgi. Ɗakin da suke kwana a bayan jirgin bai wuce mita 3 a tsawo da 2 a faɗi ba, a ciki murhu yake, a ciki gado mai naɗewa, a ciki ake haihuwa. Mutanen da ba su da adireshi, yawancinsu ba su iya karatu ba, kuma mutanen tudu na yi musu kallon raini. Ɗakin gaba na mashayar shi ne falonsu. Nan ake barin musu wasiƙa a karanta musu, nan suke jin wane jirgi ya wuce da wanda ya maƙale, nan ake haɗa aure tsakanin iyalan ruwa, ana kaɗa ƙaramin akodiyon ana rawar buga ƙafa a daɓen dutse.

Ka lura da shekarar da Woodward suka karɓi gidan. A 1861 wani jirgi mai tururi ya yi hatsari a cikin ramin, hayaƙi ya kashe mutum biyu, abin da ya sa aka ƙara ramukan shan iska. A 1871 aka kawo jiragen tururi masu jan jerin jirage ta cikin ramin, sana'ar masu tura ƙafa ta mutu. Wato a 1877 iyalin sun shigo ne bayan ganiyar kanal ta wuce, wani rukuni na masu ciniki ya riga ya watse. A shekarar ce kuma majalisa ta yi dokar jiragen kanal, bayan fafutukar George Smith na Coalville, wadda ta wajabta rajistar jiragen da ake kwana a ciki ta kuma ƙayyade yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka. An ƙara mata ƙarfi a 1884 da batun duba jirage da karatun yara. A ganina wannan ya nuna ko su waye ainihin abokan cinikin iyalin na farko: iyalan ruwa, waɗanda ke wucewa ta wuri ɗaya mako bayan mako, uba ya wuce ɗa ya gaje shi. Zuri'a tana hidima wa zuri'a, kowa ya san kakan kowa. Baƙon da ya sayi gidan jiya ba zai samu wannan amana da kuɗi ba.

Me ke riƙe gida a hannun iyali

Abu na farko lasisi ne, kuma a Ingila ta wancan zamani sunan mutum yake ɗauka. Dokar 1830 ta sauƙaƙa shi ƙwarai, duk mai biyan harajin gida zai iya sayen izinin sayar da giya a kan fam biyu da sule biyu, shi ya sa ƙananan mashayu suka yi ta tsiro a bakin kanal. A 1869 aka mayar da ikon hannun majistarori, dokar 1872 kuma ta tsananta lokutan rufewa. A lokacin duk shekara sai majistarori sun sabunta wa mai gida lasisinsa, 'yan sanda kuma suna da damar su ce gidansa na tara 'yan caca ko mashaya masu rigima. Idan mai lasisi ya rasu, abin da aka saba gani shi ne a mayar da shi sunan matarsa, ta riƙe har ɗa ko suruki ya kawo ƙarfi. Majistare ya fi sakin jiki da gidan da ya sani. A takardun irin waɗannan gidaje za ka yi ta cin karo da gwauruwa tana riƙe da lasisi shekara goma ko ashirin, kuma sau da yawa ita ce gadar da ta hana sarƙar tsinkewa.

Na biyu, aikin da ba a biya. Gidan da ke buɗe daga safe zuwa dare, ga barga, ga girki, ga wankin kofuna, idan albashi za a biya kowa ribar ba za ta kai ba. Mata da 'ya'ya ne ke yi, suna kwana a saman bene. Yaron da ya tashi a nan ya iya sana'ar tun kafin ya gama firamare.

Na uku, wanda mutane suka fi mantawa: wa ya mallaki ginin? Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin giya sun saye mafi yawan mashayun Ingila, mai gida ya zama ɗan haya da aka ɗaure shi da sayen kayan kamfani ɗaya a farashin da suka yanka. Ɗan haya kuwa ana iya ba shi takardar tashi, shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga sunaye na canzawa duk bayan 'yan shekaru. Dokar 1989 ta tilasta wa manyan kamfanonin da ke da gidaje fiye da 2,000 su saki wani kaso, amma yawancin gidajen sun faɗa hannun kamfanonin haya ne, ɗaurin bai kwance ba. Iyalin da ke da ikon ginin su ne ke iya rushe bango, su ƙara ɗakin cin abinci, su ci bashi a kan gidan ba tare da neman yardar kamfanin giya ba. Duk lokacin da kake nazarin gidan da ya daɗe a hannu ɗaya, fara da tambayar mallaka.

Yadda kasuwar ta mutu ta sake tashi

Dawakai ne suka fara ɓacewa. Daga shekarun 1910 zuwa 1930 injin dizal ya shiga jirage, aka koma tafiya bibbiyu, mai inji a gaba yana jan marar inji. Barga ta zama fanko, cinikin ciyawa ya tsaya, jirgi kuma ba ya buƙatar kwana a inda doki zai huta. A 1929 kanal ɗin ya shiga cikin haɗakar Grand Union, a 1936 aka daina jan jirage ta ramin saboda kowa na da injinsa, a 1948 gwamnati ta karɓe hanyoyin ruwa. A waɗannan shekaru ne Sister Mary Ward take jinyar iyalan ruwa a gidanta da ke bakin kanal a ƙauyen, har aka ba ta lambar yabo ta BEM a 1951, abin da ke nuna cewa Stoke Bruerne na nan a matsayin wurin da mutanen ruwa ke ɗauka nasu.

Sanyin 1962 zuwa 1963 ne ya karya ƙashin bayan sana'ar. Kanal ya daskare makonni, jirage suka maƙale da kayansu, masana'antu suka koma ga manyan motoci ba su dawo ba. Jigilar kwal ta ƙarshe mai dogon zango da ke bi ta nan, daga yankin Atherstone zuwa wata masana'anta a Southall, ta tsaya a 1970. Mashayun bakin kanal da yawa da ke can cikin gonaki, babu titin mota, a nan suka rufe ko suka zama gidajen zama.

Stoke Bruerne ta tsira saboda abubuwa uku da suka zo kusan tare. Babban titin M1 ya buɗe a 1959, mahaɗarsa ta 15 tana 'yan kilomitoci daga ƙauyen. A 1963 aka buɗe gidan tarihin kanal a tsohuwar ma'aikatar niƙa da ke tsallaken ruwa, tana kallon The Boat, bisa kayan da Jack James, tsohon matuƙi kuma mai kula da matakan ruwa, ya tattara. Sai dokar sufuri ta 1968 da ta ware kanal irin wannan domin yawon shaƙatawa. Masu tsayawa suka zama iyalai masu mota da masu hayar jirgi na hutu. Su ba ciyawar doki suke nema ba, abinci suke nema, da shayi, da wurin zama a kalli jirgi na hawa. Iyalin suka ƙara ɓangaren cin abinci mai kallon ruwa, suka sa jirgin zagayawa da baƙi, amma suka bar ƙananan ɗakunan gaba da daɓensu na dutse yadda suke, har da teburin wasan jifan sanduna tara irin na Northamptonshire. Wannan zaɓi ina ganin shi ne mafi hikima a duk tarihin gidan, domin wurare da yawa a shekarun 1960 da 1970 sun fasa ɗakunansu suka mayar da su babban zaure ɗaya, suka zubar da abin da baƙo ya zo gani.

Wahalhalun ba su ƙare ba. An rufe ramin Blisworth daga farkon shekarun 1980 zuwa 1984 domin sake gina tsakiyarsa da zoben kankare, jiragen da ke ratsowa daga arewa suka yanke. Ciniki na lokacin ɗumi ne irin nasu, cunkoso daga Afrilu zuwa Satumba, shiru a hunturu. Hakan na da illa ga kaya, domin gangar giyar gargajiya mai galan 9, kusan lita 41, sai ta kwanta kwana ɗaya ko biyu a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13 kafin a huda ta, in an huda kuma cikin kwana uku ya kamata ta ƙare, in ba haka ba ta yi tsami a zubar. Ɗakin ƙasan da ke dab da kanal kullum cikin laima yake, kuma in yumɓun da aka dandaƙe a gindin kanal ya tsage, can ruwan ke fara bayyana. Rufin ciyawa sai an sabunta ƙoƙuwarsa duk shekara 10 zuwa 15, inshorar gobararsa kuma tana da tsada. Ga rabon gado, wanda ke tilasta sayar da gida idan magada sun yi yawa kuma ɗaya ba zai iya biyan sauran ba. Mashayun Birtaniya sun ragu daga sama da 60,000 a shekarar 2000 zuwa kusan 45,000 a 2024.

Inda ake duba hujja

Tunda kana Northampton, ma'ajiyar tarihin gundumar tana garin. Ka nemi rajistar lasisi ta majistarori, wadda daga 1872 take rubuta sunan gida, sunan mai lasisi, sunan mai ginin, ranar da aka mayar da lasisi ga wani, da duk tarar da aka ci. Ita ce ginshiƙi. Sai ka jera ta da ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, daga 1841 zuwa 1921, wadda ke nuna duk wanda ya kwana a gidan daren ƙidaya da shekarunsa da dangantakarsa da mai gida. Kundin 'yan kasuwa na Kelly yana cike giɓin da ke tsakani, amma yakan makara shekara ɗaya ko biyu, kada ka dogara da shi wajen sa ranar canji. Tsohuwar jaridar Northampton Mercury tana da rahoton zaman sabunta lasisi, tallan gwanjo, da binciken gawa, domin a ƙarni na 19 idan an tsamo wanda ya nutse a kanal, a mashaya mafi kusa ake zaman binciken, kuma rahoton kan ambaci mai gidan. Rajistar cocin ƙauyen za ta ba ka aure da mutuwa. Takardun kamfanonin kanal kuwa akwai su da yawa a ma'ajiyar hanyoyin ruwa da ke Ellesmere Port.

Tarkon da na fi ganin masu bincike na faɗawa guda uku ne. Suna ɗaya kan maimaitu a gida, kaka da uba da jika, sai a ɗauka mutum ɗaya ne ya riƙe lasisi shekara saba'in, don haka kullum ka gwada da shekarun haihuwa. Gida kan bi ta hannun 'ya mace sunan iyali ya canza, a zaci an sayar alhali jini ɗaya ne. Sannan shekarar da iyali suka karɓi gida daban take da shekarar da aka gina shi da shekarar da ya fara zama mashaya.

Takardun suna da iyaka. Suna rubuta mai lasisi, su bar gurbin sana'ar matarsa fanko ko da ita ce ke tafiyar da komai, kuma iyalan ruwa da yawa ƙidaya ta tsallake su saboda suna kan hanya daren da aka yi ta. Bayan 1921 akwai babban giɓi, domin takardun ƙidayar 1931 na Ingila sun ƙone a gobarar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Abin da zai cike maka wannan tsakani shi ne rajistar jama'a ta 1939, rajistar masu zaɓe, da hirarrakin tsofaffin matuƙa da aka naɗa. Su kuwa hirarrakin suna da kyau wajen sanin yadda ake zama a ɗakin gaba da wanda ke bayan kanta, amma shekarun da aka ambata a ciki sai ka auna su da rajistar lasisi kafin ka rubuta.